Dattijon da ya kwance mini filtar tarakta kafin a taɓa injekta

Tarakta ɗaya gare ni, Massey Ferguson 375, ja, wadda na saya ta hannu shekara shida da suka wuce. Da ita nake yi wa mutane haro a Kadawa da Kura har gefen Bunkure, kuma da ita nake riƙe gida. Duk wanda ya san yankinmu ya san daga tsakiyar watan Nuwamba, lokacin da ruwan Tiga ya cika kanal manoma suna rige-rigen shuka alkama, mai tarakta ba shi da ranar hutu. Ta tsaya kwana ɗaya, mutum biyar sun koma wajen wani, kuma ba lalle su dawo baɗi ba.

A daidai wannan lokaci ne bara ta fara ba ni wahala. Da safe sai an daɗe ana kik kafin ta tashi. In ta tashi tana silo lafiya lau, babu wani ƙara da zai tayar maka da hankali. Amma da an sauke haro ta ɗauki nauyi, sai ƙarfinta ya riƙa zubewa, ta yi kamar mai haki, ta mutu a tsakiyar gona. A jira minti goma, a buga famfon hannu, ta tashi, ta ɗan yi gaba, ta sake mutuwa. Direbana ya ce injekta ce, wato famfon da ke tura mai da ƙarfi zuwa cikin injin. Makaniken da muka fara kira gona, ko noti ɗaya bai kwance ba, shi ma ya ce injekta ce, a cire a kai Kano tare da nozul huɗu masu fesa mai. Kuɗin da ya ambata mini sai da na zauna a kan kunya na yi shiru, domin ya kusa cinye ribar kakar gaba ɗaya. Tun 2022 da gas ya yi tashin gwauron zabi abin da ke rage mana a aikin haro bai taka kara ya karya ba.

Wani abokin sana'ata ne ya hana ni. Ya ce kafin in bari a taɓa injekta, in fara kai ta wajen wani dattijo a bakin titin Kano zuwa Zariya, bayan an wuce Kura kafin a kai Kwanar Gafan. Garejin ba shi da allo. Rumfar kwano ce a gindin darbejiya, da tsohuwar kwantena, da yara biyu masu koyon aiki. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan, tunda ban nemi izininsa in sa sunansa ba. Aikinsa shi ne hanyar mai ta injin gas, daga tanki har zuwa bakin injekta: taraktoci, injin nika, janareto, injin ban ruwa. Cikin injekta ba ya shiga, kuma ya gaya mini haka tun kafin in tambaya.

Da yake ba ta mutuwa in ba ta ɗauki kaya ba, muka tuƙo ta a hankali, muka isa wajen ƙarfe tara. Na gaishe shi, na fara zayyana masa abin da makanike ya ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juya ga direbana.

“Yaushe rabonka da ka zubar da ruwan kofin nan?”

Direba ya ce kullum da safe yana dubawa, bai taɓa ganin ruwa ba.

“Ban ce dubawa ba. Zubarwa na ce.”

Tarakta irin tawa filta biyu gare ta a jere a gefen injin Perkins ɗinta. Ta farko tana da kofin gilas a ƙasa, da wani ɗan abin murɗawa a gindinsa wanda ake sassautawa ruwa ya fita. Ta biyu gindinta ƙarfe ne. Irin filtar nan ce da makanikai ke kira CAV har yau, ko da yake a shekarar 2000 sashen da ke yin ta ya koma hannun kamfanin Delphi, shi ya sa sunan da za ka gani a kwali ke nan, da lamba 296. Baba ya sa yatsa ya murɗa abin zubar da ruwan, ya ƙi motsi. Ya duƙa ya leƙa, ya kira ni: “Alhaji, zo ka gani.” An shafe shi da gam ya daskare. Wani ne can baya ya ga yana ɗiga, maimakon ya canza 'yar robar da ke jikinsa, sai ya liƙe shi gaba ɗaya. Ke nan tun ranar ruwa bai sake fita daga kofin ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi gaggawar kwancewa ba. Ya rufe famfon tanki. Ya sa yaro ya kawo kananzir a gwangwani da buroshi, aka wanke kan filtar da bututun da ke shiga da masu fita, har sai da launin ƙarfen ya bayyana. Ƙurar Kadawa da ta haɗu da mai ta zama kamar kwalta a wurin. Ya ce duk wanda ya buɗe filta da dauɗa a kanta, da hannunsa ya zuba wa injekta yashi. Sai da wurin ya bushe sannan ya tara wani farin kwano mai tsabta a ƙasa, ya tallafi gindin kofin da hannun hagu, ya kwance dogon notin da ke tsakiyar kan da hannun dama. Noti ɗaya ne tak ya riƙe komai: kai, filta, gilas, da farantin ƙasa. Ya sauko da su tare, a tsaye, ko ɗigo bai zube a ƙasa ba.

Ya juye abin da ke cikin gilas ɗin a gorar ruwa ta roba, ya ajiye a kan benci, ya ce mu bar ta ta huta. Kafin mu gama shan shayi ta rabu gida uku. Ƙasa ruwa ne, ja-ja saboda tsatsa. Sama ɗan siririn gas. Tsakaninsu wani baƙin abu mai yauƙi kamar miyar kuka da ta kwana. Ruwan ya fi komai yawa. A nan na gane abin da ya ruɗi direbana, kuma ban ga laifinsa sosai ba: kofin ya cika da ruwa har baki, babu layin da zai raba ruwa da mai balle ido ya gani, ga gilas ɗin ya dafe ya koma ruwan ƙasa. Yana kallon ruwa zalla yana zaton gas ne.

Baba ya yi mana bayani yana aiki. Litar gas nauyinta wajen giram 840 ne, ta ruwa kuwa kilo guda cif, don haka duk inda suka haɗu ruwa ne a ƙasa. A wannan filta mai yana shigowa ta sama, ya ratsa takardar tacewa da ke cikin filtar ya sauko. Ƙananan ɗigon ruwan da ido ba ya gani suna haɗuwa da juna a jikin takardar su yi girma, su faɗa gindin kofi, shi kuma mai mai tsabta ya juya ya hau ta bututun tsakiya ya wuce. Dabarar ke nan, babu lantarki babu komai. Amma in kofin ya cika ruwan ba shi da wurin zama, sai ya bi mai ya tafi gaba. Baƙin yauƙin kuma wasu ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a daidai inda ruwa da gas suka haɗu, suna hayayyafa, su ne ke toshe takarda. Injektar da ke kan injin nan, mai juyawa, ba ta da wani man shafawa na daban; gas ɗin da ke ratsa ta shi ne man shafawarta. In ruwa ya kwana a cikinta tsatsa ce, kuma ƙarafan ciki an yi su ne daidai wa daida, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kusa da kaurin gashin kai ba.

Sai ya nuna mini ɓarna ta biyu, wadda ta fi ba ni haushi don kuɗina na biya aka yi mini ita. A cikin kan filtar akwai wani kwarmi zagayayye inda babbar roba ke zama. Wanda ya canza mini filta a baya bai ciro tsohuwar robar daga kwarmin ba. Ya bar ta a ciki ta bushe ta tsattsage, ya ɗora sabuwar a saman filtar kawai ya ɗaure. Sabuwar ta lanƙwashe ta kwanta a kan ramukan da mai ke bi ya shiga. Ga takarda a toshe, ga ƙofar shiga an rufe rabinta. Man da ke wucewa ya isa silo, bai isa jan haro ba. Da dare kuma iska na samun hanya ta tsagar tsohuwar robar, mai ya koma baya, shi ya sa da safe sai an sha wahala. Duk abin da tarakta ta yi mini na mako biyu, ga shi a tafin hannun Baba.

Da ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki ya ciro tsohuwar robar, gutsure-gutsure, yana kaffa-kaffa kada ya karce kwarmin, domin kan na alminiyom ne, ba ya son wasa. Ya kwance kan gaba ɗaya daga jikin injin, abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba a wajen canjin filta. Ya jiƙa shi a kananzir, ya bi kowane rami da ƙaramin buroshi, ya hura da iska, ya ɗaga shi sama yana leƙa hasken rana ta cikin ramukan. Ramuka huɗu ne, kowanne da kibiya a jikinsa, biyu na shiga biyu na fita, waɗanda ba a amfani da su an toshe da noti. Ya ce ya sha ganin an juya bututu, na shiga a wurin na fita, mai ya riƙa bi ta baya, kofin ya tashi daga aiki. Nawa dai daidai suke. Ya duba haƙoran kowane rami, ya ce ma'aunin inci ne irin na Ingila, kada in yarda wani ya tura noti mai ma'aunin milimita da ƙarfin tsiya don ya ga ya kusa shiga.

Tsumma bai taɓa cikin kan ba ko sau ɗaya. Da yaron ya miƙo wani tsohon yadi zai goge, Baba ya buge hannunsa. Zaren tsumma ɗaya in ya maƙale a ɓangaren mai mai tsabta, babu sauran abin da zai tare shi sai filta ta biyu.

Gilas ɗin ya ɗauki lokaci. Ya wanke shi da gas mai tsabta, ya sake wankewa da ruwan omo, ya ɗauraye, ya kife a rana har ya bushe ƙarau. Da ya ɗago shi sai ka ce sabon kofin shayi. Ya bi bakinsa da farce, sama da ƙasa, yana neman ɓalli. Ya sami ɗan ƙarami a gefen waje, ya ce wannan bai kai inda roba ke zama ba, zai yi aiki, amma alama ce an taɓa ɗaure shi fiye da kima. Da na roba ne, in ji shi, ba a kusantar da fetur ko tina gare shi, don yana dushewa ya tsattsage. Farantin ƙasa kuma ya kankare gam ɗin da haƙuri har abin murɗawar ya saki, ya wanke haƙoransa, ya sa masa sabuwar 'yar roba. Abin da ya jawo duk wannan wahala ke nan, roba wadda ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba.

Na zo da sababbin filta biyu da na saya a Kofar Ruwa bisa shawarar abokina. Baba ya buɗe kwali, ya auna nauyin kowacce a hannu, ya leƙa ramukan, ya duba inda aka naɗe bakin gwangwanin, ya ja robobin ya ga suna dawowa. Ya ce waɗannan sun yi. Sai ya ɗauki zarto ya yanka tsohuwar gida biyu don in ga bambanci. Takardar cikinta 'yar kaɗan ce, sako-sako, ta yi baƙi ta manne da juna, gefe ɗaya ma ta ɓalle daga jikin gwangwanin. Ta ƙwarai takardarta a naɗe take zagaye bisa zagaye kamar naɗin tabarma, a cike dam, kuma tana tare dattin da ya fi kaurin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Na tambaye shi masu wanke filta da fetur su mayar fa? Ya ce takarda ba a wanke ta. Wanki na buɗe ramukanta, ya tura dattin ɓangaren da bai kamata ba. Kofi da kai da faranti ana wankewa shekara da shekaru, takarda kuwa jefarwa ake yi. Ya ce har wadda aka huda da ƙusa don mai ya wuce an taɓa kawo masa, kuma mai wannan injin daga baya sai da ya sayi injekta.

Wajen haɗawa ya sa ni na tsaya kusa, ya ce in kalla da kyau don wata rana a gona zan yi da kaina. Manyan robobin biyu kamar ɗaya suke a ido, amma ba ɗaya ba ne. Ya ɗora su a kan juna ya nuna mini wadda ta ɗan fi faɗi, ita ce ta sama. Ya shafa mata gas, ya tura ta cikin kwarmin da yatsa, ya zagaya sau biyu yana tabbatar ba ta murɗe ba. Ƙaramar roba ɗaya a bututun tsakiya na kan, wata 'yar ƙarama a ƙarƙashin kan dogon notin. Ɗaya babbar tsakanin filta da gilas. Sai kuma ta ƙasan gilas, inda ya zauna a kan faranti, wadda ba ta cikin kwalin da na sayo. Ya jera su a tsaye, ya ɗaga, ya kama notin da yatsu, ya ɗan juya filtar hagu da dama har ya ji ta zauna, sannan ya ɗaure da ƙaramar sifana, riƙe da ita kusa da kai don kada ƙarfi ya yi yawa. Gam ko ɗigo bai sa ba. Ya ce roba in ta zauna a wurinta ba ta neman taimako, in kuma tana yoyo to a kwance a duba, ƙarin ɗauri gilas kawai zai fasa.

Haka ya yi wa ta biyu. Ya buɗe murfin famfon da ke jawo mai daga tanki, ya ciro 'yar ragar da ke ciki, ita ma cike da tsatsa, ya wanke ya mayar. Bai cika filta da gas daga jarka ba kafin ya ɗaura, kamar yadda na saba gani. Ya ce wannan man ba a tace shi ba, gara a sha wahalar famfo. Ya buɗe tanki, ya sassauta notin iska na kan filta, ya sa yaro buga famfon hannu. Da farko famfon ya yi sakwaf, ba ya kamawa, sai ya ce a ɗan juya injin kaɗan, nan take ya kama. Muna kallon gilas yana cika da gas garai-garai, kumfa na fita ta sama har ta ƙare. Ya ɗaure, ya koma kan notin iska biyu na jikin injekta, na ƙasa sannan na sama, ya sassauta bututun nozul biyu, ya ce direba ya yi kik. Da mai ya fara tsartuwa ya ɗaure su. Ta tashi. Ya bar ta tana aiki kusan rabin awa, ya goge ko'ina ya bushe, ya riƙa bin kowace mahaɗa da farar takarda yana neman danshi.

Ban yarda na tafi haka ba, shi ma bai so in tafi ba. Akwai wani fili a bayan garejin, muka ɗaura haro muka sauke shi har ƙasa. Ta ja ba ta ko yi tari ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma wanda zai je ya kamata ya sani. Baba ba ya sauri. Mun zo ƙarfe tara, ba mu bar wurin ba sai bayan la'asar, a ranar da nake da gonaki uku suna jira. Wani ɓangare na jinkirin aikin ne ya gaji haka, amma awa biyu cur sun tafi ne wajen jiran yaron da aka aika Kura neman robar ƙasan gilas. Mutumin da wannan ce sana'arsa ya kamata a ce yana da irin waɗannan robobi cike da gwangwani. Ba ya ajiye kaya, ba ya sayar da filta. Ya ce ba ya son a ce ya ƙi ta wani don ya sayar da tasa. Na fahimci dalilinsa, amma mai tarakta ne ke biyan wannan da lokacinsa. Ba ya zuwa gona ko nawa za ka ba shi, waya kuma sai ka kira sau biyar ba a ɗaga ba. Harshensa na da kaifi a kan direbobi. Nawa ya yini yana cin magani. Abin da ya fi damuna shi ne ƙazamin kananzir da gas ɗin wanki da yaran suka watsar a bayan kwantena, ga kwalbatin da ke kai ruwa gonaki ba nisa. Na yi masa magana, na ce, “Baba, da an tara wannan a duro, ai masu shafa wa katako saboda gara za su karɓa.” Ya ce gaskiya ne, za a nemo duro. Da na koma bayan wata biyu na ga rabin duro a wurin, amma ƙasar gefen har yanzu baƙa ce.

Kuɗin aikinsa bai kai kuɗin lita goma na gas ba. Na ƙara masa da kaina, ya karɓa ya yi godiya, ya raba wa yaran wani abu a gabana. Bai ce mini injekta lafiyarta ƙalau ba. Ya ce ruwa ya riga ya ratsa ta, ba ya iya ganin cikinta, in na ji ta fara wahalar tashi in ta yi zafi to in kai ta wajen masu injin gwaji a Kano. Har yau ban ji hakan ba, kuma ta gama alkama, ta yi kaftun shinkafa na damina.

Da zan tafi ya tambaye ni inda nake shan mai. Na gaya masa gaskiya: in aiki ya yi zafi ba ma zuwa gidan mai, a jarka ake kawo mana gona daga wajen masu sayarwa a duro. Ya ce ba sai mai sayarwa ya yi ha'inci ba, duron da ke tsaye a fili ruwan sama na taruwa a kansa ya tsotsa ta murfi, tankin da aka kwana da shi rabi kuma yana yin gumi a ciki in sanyin asuba ya sauka. Ya ce in riƙa cika tanki da yamma maimakon safe, in bar jarka ta kwana a ajiye kafin a zuba, kada a juye ta har gindi, kuma da irin man da muke samu in canza filta ta farko duk awa 250 ko da tarakta ba ta yi ƙorafi ba.

Yanzu kwalba ce a ɗaure da igiya a gefen kujerar direba. Kowace safiya kafin a tayar da injin yana tara ta, ya murɗa gindin kofin, ya bar abin ya zubo har sai gas zalla ya fito, ya kawo mini in gani. Da rani wata rana babu komai, wata rana ɗan cokali. A watan Agusta akwai safiyar da muka sami kusan rabin kofin shayi, muka bi sawu muka tarar robar murfin tanki ce ta mutu, muka canza. Baƙin yauƙin nan dai yana ɗan dawowa, wanda ke nuna gindin tankin kansa na buƙatar wanki. Mun yi da Baba zan kai masa ita in an gama girbin shinkafa, a sauke tankin gaba ɗaya, kuma wannan karon na riga na sayi robobin, har da ta ƙasan gilas guda uku.